Bin sawun bairos a iskar asibiti: littafin aiki

9 ga Janairu

Yau kwamitin ɗa'ar bincike ya sa mana hannu, bayan wata uku ana kai-komo da takardu. Sharuɗɗansu biyu ne: kada mu taɓa majiyyaci, kada kuma mu rubuta sunan kowa a jikin samfur, lambar gado kawai. Babu wanda ya takura mu a ciki, tunda ɗakin muka zo aunawa, iskar da ke cikinsa da duk abin da hannu ke kaiwa gare shi.

Mu uku ne a aikin: ni, da ɗalibar da ke neman digiri na biyu a sashenmu, da mai kula da na'urar PCR, wadda ke gano alamar bairos a cikin samfur. Wurare huɗu muka zaɓa. Ɗakin killacewa, babban ɗakin kwanciyar yara masu ciwon ƙirji, zauren jiran ganin likita, sai ɗakin da ma'aikata ke hutawa, wanda sai da na dage kafin aka yarda ya shiga lissafi. Abin da za mu nema shi ne bairos ɗin korona, infuluwenza A da B, RSV mai kwantar da jarirai, da adeno da rino masu kawo mura.

Zan rubuta abin da ya kawo ni nan tun yau, don kada gaba in yi wa labarin ƙari. Bara, cikin mako biyu, ma'aikatan jinya na ɗakin yara suka yi ta kwanciya ɗaya bayan ɗaya da zazzaɓi da tari. A taron da aka kira, laifin duka ya faɗa kan masu goge-goge. Aka ninka musu aiki, aka ƙara ƙarfin kulorin har hannayensu suka tsattsage. Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi tagogin da aka liƙe, ko ramin fitar da iska da ke rufin ɗakin. Mai yiwuwa masu zargin suna da gaskiya. Amma ba a auna komai ba aka yanke hukunci, abin kuma ya tsaya mini a rai.

16 ga Janairu

Kaya sun iso, mun yini muna haɗa su a kan tebur. Na'urorin zuƙar iska iri biyu muka samu, kowacce da halinta.

Ta farko ƙarama ce, tafin hannu ya isa ya riƙe ta, ƙirar NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka. Ana haɗa ta da famfo mai batir da ke jan lita 3.5 na iska a minti ɗaya. Iskar na shiga tana juyi kamar guguwa, sai ɗigon da ya wuce maikiron 4 ya bugi bango ya faɗa kwalba ta farko, wanda ke tsakanin maikiron 1 da 4 ya faɗa ta biyu, abin da bai kai maikiron 1 ba kuma takardar tacewa da ke sama ta kama shi. Ta biyu ita ce MD8 ta kamfanin Sartorius, mai jan har lita 50 a minti ta cikin faifan jelatin, wanda daga baya ake narkarwa a ruwa a nemi bairos a ciki. Tana da ƙara, kuma in aka daɗe ana jan iska faifan yakan bushe ya tsage, don haka ta gajeren zango ce.

Ɗalibar ta tambaye ni me ya sa na nace wa ƙaramar, alhali babbar ta ninka ta ja sau 14. Na ce mata girman ɗigo shi ne rabin tambayar da muka zo da ita. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashi yakan kai maikiron 70, bairos ɗin korona kuwa kusan 0.1 ne. Sai dai bairos ba ya yawo tsirara, cikin ɗigon majina ko yawu yake fitowa, kuma girman ɗigon ne ke yanke ko zai faɗi a gaban mai tarin, ko zai yi ta shawagi har ya kai gado na ƙarshe. Tun 1934 William Wells ya nuna cewa ƙananan ɗigo kan bushe kafin su kai ƙasa, su bar ɗan busasshen ƙwallo da iska ke ɗauka. Duk da haka shekara da shekaru ana koya mana cewa duk abin da ya wuce maikiron 5 yana faɗuwa cikin mita ɗaya zuwa biyu, masana iska kuwa suna ta faɗa cewa iyakar ta fi kusa da maikiron 100. Sai a Yulin 2020, da masana 239 suka goyi bayan buɗaɗɗiyar wasiƙar Lidia Morawska da Donald Milton, maganar ta fito fili. A Afrilun 2024 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsarin kalmomi wanda ya daina raba ɗigo gida biyu da layi guda. Ni da aka koyar da tsohon layin, har yanzu nakan ji shi yana dawo mini a baki.

24 ga Janairu

Gwajin hannu a kan shafa. Ƙa'idar da muke bi ita ce a jiƙa tsinken auduga da ruwan adana bairos, a shafa fili mai santimita 5 a tsaye da 5 a kwance, wato murabba'in santimita 25, a bi shi a kwance, a bi a tsaye, ana murza tsinken. A kan tebur abu ne mai sauƙi. A kan mariƙin ƙofa ko makunnin fitila babu wani murabba'i, sai dai a shafe abin duka a rubuta haka.

Mun zuba ma'aunin da muka sani na wani bairos da ba ya kama mutum a kan ƙarfe da roba da yadi, muka bari ya bushe, muka shafa. Daga ƙarfe da roba an dawo da wani abu mai kauri. Yadi kuwa ya shanye kusan duka. Ke nan duk abin da za mu faɗa game da labule da zanen gado, da taka-tsantsan za mu faɗe shi.

29 ga Janairu

Na kai jerin wuraren da za mu shafa ɗakin yara don in gwada shi da ido. Dattijuwar da ta fi kowa daɗewa a aikin goge ɗakin tana tsaye da bokitinta tana kallona.

“Ɗana, ku ma laifinmu kuka zo nema?”

Na ce, “A'a Iya, so nake ki duba mini takardar nan. Ina ne hannu ya fi taɓawa a ɗakin nan?”

Ta ajiye bokitin, ta ce in biyo ta. Ƙarfen gefen gado da mariƙin ƙofa, ta ce waɗannan kowa ya san su, kuma su aka fi gogewa. Ta nuna mini bayan kujerar da uwaye ke ja zuwa bakin gado. Ta nuna bakin labule daidai ƙirjin mutum, inda ya yi duhu saboda kamu. Ta kai ni ga sikelin auna jarirai, wanda kowane yaro ke hawa kowace safiya, da igiyar abin sauraren ƙirji da ke rataye a ƙusa, da wayar teburin ma'aikata. “Wannan wayar,” in ji ta, “an hana mu taɓa ta da ruwa, su kuma ba sa gogewa.”

Rabin abin da ta nuna babu shi a jerina. Na zauna a nan na sake rubuta shi.

3 ga Fabrairu

Daren farko na jan iska. Mun ɗaura ƙananan na'urorin a jikin ƙarfen ƙarin ruwa, tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ɗaya mita 1 daga kan gado, ɗaya mita 3, ɗaya a bakin ƙofa. Awa huɗu suka yi suna aiki. Kowane zagaye muna tafe da kwalbar shaida, wadda ake buɗewa a ɗakin a rufe ba tare da an ja iska ta cikinta ba. In aka ga bairos a cikinta, to daga hannunmu ya fito.

Wata uwa, ɗanta na kan iskar oksijin, ta kira ɗalibar a hankali ta ce, “Malama, wannan abin ba zai shanye wa yarona iska ba?” Ɗalibar ta durƙusa ta ɗora hannun uwar a bakin na'urar don ta ji ƙanƙantar jan, ta ce mata bai kai rabin numfashin mutum ɗaya ba. Sannan uwar ta saki jiki. Daga yau sai mun zaga gado-gado mun yi bayani kafin mu kunna komai. Tun farko haka ya kamata mu yi.

11 ga Fabrairu

Sakamakon farko ya fito. A shafe-shafen ɗakin yara an ga alamar RSV da rino a wurare kaɗan, galibi cikin waɗanda Iya ta nuna. Samfuran iska kuwa, duka babu komai.

Shugabar ma'aikatan jinya ta ji labari kafin in kai mata. Ta tare ni a baranda da fara'a: “To Likita, ka gani, iskarmu lafiya lau.” Na ce mata ta ba ni zuwa gobe.

12 ga Fabrairu

Na kwana da lissafin nan, kuma shi ne abu mafi muhimmanci da na rubuta tun da muka fara.

Lita 3.5 a minti, awa huɗu, ya ba da lita 840. Ma'aikaciyar jinya da ke kai-komo tana shaƙar kimanin lita 10 a minti, wato lita 4,800 a aikin awa takwas. Tun daga nan na'urarmu ta gaza hancin mutum ɗaya. Sannan a ɗakin gwaji muna wanke abin da aka kama cikin mililita 1 na ruwa. Daga ciki kashi ɗaya cikin biyar muke ɗiba mu ciro RNA, wato zaren gadon halittar bairos. Abin da aka ciro kuma, kashi ɗaya cikin goma ke shiga na'urar PCR. Ashe abin da na'urar ke dubawa kashi ɗaya ne cikin hamsin na samfurin, daidai da iskar da ba ta wuce lita 17 ba, numfashin minti biyu. In muka ɗauka sai an sami kwafi 10 na RNA kafin na'urar ta gani ba tare da kuskure ba, to sai iskar ɗakin ta ɗauki kusan kwafi 600 a kowace lita dubu kafin mu ce akwai. Wannan ma in babu abin da ya maƙale a bangon kwalba ko ya lalace a hanya, alhali kullum sai an yi asara.

Don haka “babu” ɗin da muka samu, fassararsa ita ce: bai kai yawan da idonmu zai gani ba. Tsakanin wannan da “iska lafiya lau” akwai tafiya mai nisa.

Ba mu ne farkon faɗawa wannan rami ba. A Maris na 2020 masu bincike a Singafo suka wallafa abin da suka samu a ɗakunan killace masu korona uku. A ɗakin da aka shafa kafin a goge, wurare 13 cikin 15 sun nuna bairos, da 3 cikin 5 a banɗaki. Samfuran iska duka ba su nuna komai ba, mutane da yawa kuma a nan suka tsaya da karatu. Amma a cikin rahoton nan an sami bairos a jikin fankar da ke fitar da iska daga ɗakin. Wa ya kai shi can in ba iska ba? Ɗakunan kuma ana sauya iskarsu sau 12 a awa, ga shi abin da aka ja kaɗan ne. Wata guda bayan haka aka wallafa binciken asibitoci biyu na birnin Wuhan a ƙasar Sin, inda aka yi amfani da faifan jelatin da wata hanyar PCR mai ƙirga kwafi ɗaya-ɗaya. Su sun gani a iska, kuma inda ya fi yawa ya ba da mamaki: a ɗakunan killacewa masu samun iska kaɗan ne, ya fi taruwa a banɗakin majiyyata da ɗakunan da ma'aikata ke tuɓe kayan kariya.

Na kai wa shugabar lissafin a takarda guda. Ta karanta, ta yi shiru, ta ce, “To ku ƙara jan iskar mana.” Abin da za mu yi ke nan: awa takwas a ƙananan na'urori, babbar kuma minti 20 a lokacin da ɗaki ya fi cika, sannan mu ciro RNA daga samfurin gaba ɗaya. Daga yau duk sakamakon da zai fita daga hannunmu, sai an rubuta yawan litar da aka ja da mafi ƙarancin abin da za mu iya gani a gefensa.

20 ga Fabrairu

Kwalbar shaida ta zagaye na huɗu ta nuna infuluwenza A. Mun bi sawu, muka gano an buɗe samfuran majiyyata a teburin da muke aiki a safiyar ranar. Zagayen duka ya tafi kwandon shara, aikin dare biyu. Mun ware tebur da bututun ɗiba na aikin nan kaɗai.

28 ga Fabrairu

Mun gama kwatanta shafa kafin goge-goge da bayansa. Inda aka goge da kulorin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, wanda shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar, alamar bairos takan ɓace ko ta ragu ƙwarai. Na ji tsoron ko ragowar kulorin ce ke hana PCR aiki, amma alamar gwaji da muke zubawa a kowane samfur ta fito yadda ya kamata. Wuraren da suka ci gaba da nunawa su ne waɗanda ba a ɗora wa kowa gogewarsu ba: wayar tebur, abin sauraren ƙirji, sikelin jarirai tsakanin yaro da yaro. Na je na gaya wa Iya da bakina. Ta ce, “Alhamdu lillahi,” ta ɗauki bokitinta.

Akwai abin da dole in riƙa tuna wa kaina. PCR ba ta san rayayye da matacce ba. Guntun RNA take nema, kuma guntun yakan zauna a wuri bayan bairos ɗin ya daina iya kama kowa, kamar sawun da mai shi ya daɗe da wucewa. Na'urar tana ninka abin da ta samu zagaye bayan zagaye, lambar Ct kuma ita ce zagayen da alama ta bayyana. Duk ƙarin zagaye 3.3 na nufin abin ya ragu sau goma. Namu galibi sai bayan zagaye na 35 suke fitowa, wato ɗan mitsitsi ne.

Gwajin da ya tsorata duniya a Maris na 2020 ya nuna korona na rayuwa har awa 72 a kan roba da ƙarfe, awa 24 a kwali, awa 4 a jan ƙarfe, da awa 3 da aka auna a iska. Gaskiya ne, amma a ɗakin gwaji aka yi shi, da bairos mai yawa. Zuwa Afrilun 2021 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ƙiyasta cewa taɓa wuri mai ɗauke da korona bai kai sau ɗaya cikin 10,000 da zai jawo kamuwa ba.

Sai dai ba na so mu tsallaka daga wannan gefe mu faɗa wancan. A ɗakin yara muke, kuma RSV halinsa daban. A 1981 Caroline Hall ta raba masu sa kai gida uku a wajen jarirai masu RSV a Amurka. Waɗanda suka ɗauki jariran suka rungume su, 5 cikin 7 sun kamu. Waɗanda suka taɓa kayan ɗakin bayan an fitar da jaririn, sannan suka taɓa hanci ko ido, 4 cikin 10. Waɗanda suka zauna nesa da gadon ba su taɓa komai ba, su 14, babu ko ɗaya. Adeno da rino kuma ba su da rigar kitse irin ta korona da infuluwenza, shi ya sa suka fi jure bushewa da man goge hannu. Aikin Iya yana kare yara, kuma zan faɗi haka a gaban kowa.

9 ga Maris

Mun aro ma'aunin iskar kabon dayoksaid, ɗan abu kamar agogon tebur, kuma cikin kwana uku ya gaya mini abin da PCR ta kasa faɗa cikin wata guda.

Hikimar mai sauƙi ce. Iskar waje tana da kusan kashi 420 cikin miliyan na wannan iska, numfashin da mutum ke fitarwa kuwa kusan 40,000. Duk abin da ya hau sama da na waje a cikin ɗaki, daga ƙirjin mutane ya fito. In ma'aunin ya nuna 800, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da kake shaƙa ya riga ya shiga huhun wani ya fito. Ba bairos yake aunawa ba, hanyar da bairos ke bi yake nunawa.

Na ajiye shi a ɗakin hutun ma'aikata da tsakar rana. Ɗaki ne ƙarami, taga ɗaya a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana ta juya iskar ciki ba ta kawo sabuwa. Mutum bakwai suka shigo, kowa ya sauke takunkumi zuwa haɓa, ana hira ana dariya. Ina zaune ina kallon lambar tana hawa kamar ana tura ta, kafin su tashi ta haura 2,000. Wata ƙaramar nas ta leƙo ta ce, “Likita, wannan agogon me yake ƙirgawa?” Na ce numfashinmu. Ta dubi lambar, ta dubi tagar, ta tashi ta yi ta fama da ita har ta buɗe.

Bayan sun fita na sake rufe tagar don in ga yadda ɗakin yake a kullum. Sai da aka yi kusan minti 40 kafin rarar ta ragu da rabi, wato iskar ɗakin tana sauyawa kusan sau ɗaya a awa. A ɗakin da ake sauya iska sau 6, minti 7 ya isa. A nan ne ma'aikatan da suka yini cikin takunkumi a gaban majiyyata suke zuwa su cire shi, su zauna gwiwa da gwiwa. Ba zan ce na gano abin da ya kwantar da su bara ba, wannan ya wuce, babu mai iya auna shi yanzu. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ɗakin ko sau ɗaya ba a ambace shi a taron bara ba.

16 ga Maris

Ɗakin killacewa. Ƙa'idar CDC ita ce sauyin iska sau 12 a awa a sabon gini, sau 6 a tsoho, kuma iska ta riƙa shiga ɗakin daga baranda, kada ta fito. A sau 12, minti 23 ke kwashe kashi 99 cikin ɗari na abin da ke shawagi. A sau 6, minti 46. Na yagi siririyar takarda mai laushi na riƙe a ƙasan ƙofa. Kamata ya yi ta lanƙwasa ciki. Ta tsaya cak, da aka buɗe ƙofar baranda ma sai ta karkato waje.

Masu gyara sun hau rufi suka tarar bel ɗin fankar ya saki, injin na juyi, fankar ba ta ja. Ƙararsa ce ta sa kowa ya ɗauka yana aiki. Sun canza shi a ranar. Na roƙi a riƙa gwajin takardar nan kowace safiya, a rubuta a jikin ƙofa.

25 ga Maris

Da muka tsawaita jan iska, alama ta fara fitowa. RSV a ɗakin yara, a na'urar kusa da gado, sau ɗaya kuma a ta mita 3. Infuluwenza A a zauren jira, a faifan jelatin na safiyar da zauren ya cika maƙil. Duka da Ct mai nisa, mun kuma maimaita kowanne sau biyu kafin mu yarda. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani ɓangare na RSV ɗin a kwalba ta biyu ya faɗa, ta maikiron 1 zuwa 4, girman da ke daɗewa a iska kuma yake kaiwa can cikin huhu. A 2009 an wallafa irin wannan daga sashen gaggawa na wani asibiti a Amurka, da irin na'urarmu, inda fiye da rabin infuluwenzar da aka kama tana cikin ɗigon maikiron 4 ko ƙasa da haka.

Wannan bai rushe binciken Hall ba. Mutum 14 ba su da yawa, kuma jariri ɗaya a ɗaki daban yake da ɗaki mai gadaje a jere, tagogi a rufe, dare har safiya. Saura mu san ko abin da muka kama yana da rai. Mun raba samfuran gida biyu, rabi ya shiga firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, za a aika wa ɗakin gwajin da ke iya rainon bairos a cikin ƙwayoyin halitta: HEp-2 don RSV, MDCK don infuluwenza. Korona ba ma taɓa rainonsa, sai ɗakin gwaji mai tsauraran matakan tsaro.

3 ga Afrilu

Zama da shugabannin asibiti. Na ƙi sa kalmar “gurɓata” a takardar, don na san inda za ta kai mu: a sake kiran masu goge-goge. Abu huɗu na nema. A ɗora wa wani takamaimai goge waya da sikeli da abin sauraren ƙirji. A buɗe tagogin ɗakin yara da aka liƙe, tunda jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 ta nemi lita 60 na sabuwar iska a daƙiƙa ga kowane majiyyaci a ɗakin da ya dogara da taga. A rage yawan masu shiga ɗakin hutu lokaci guda, a sa masa fankar fitar da iska. A kuma ba mu aron na'urar tace iska mai matatar HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin ɗari na ɗigo mai maikiron 0.3, mu gwada ta a ɗakin yara.

Wani babban likita ya ce, “Ka tabbatar mana wannan abin da ka kama yana kama mutum?” Na ce ban tabbatar ba, ranka ya daɗe, kuma mai yiwuwa da kayan da ke hannuna ba zan iya ba. Na ba shi labarin asibitin Addenbrooke's da ke Kambirij a Ingila, inda a 2021 aka sami korona a iskar wani ɗaki, aka kunna na'urar tacewa ya ɓace, aka kashe ta ya dawo. Ya ce a kawo guda biyu a gwada. Maganar tagogi an miƙa wa wani kwamiti.

14 ga Afrilu

Amsar raino ta dawo: babu abin da ya tsiro a kashin farko. Na yi tsammanin haka. Guguwar cikin na'urar tana bugun bairos da bango, awa takwas na busasshiyar iska na bi ta kansa, sannan ga daskarewa da narkewa a hanya. Masu binciken Jami'ar Fulorida da suka yi nasarar raino korona mai rai daga iskar ɗakin asibiti a 2020, daga nisan mita 2 zuwa 4.8 da majiyyata, sun yi amfani da na'urar da ke lulluɓe ɗigo da tururin ruwa ta sauke shi a hankali cikin ruwa. Ba mu da irinta. A rahoto zan rubuta cewa ba mu sami bairos mai rai ba, a layi na gaba kuma in rubuta cewa hanyar da muka bi tana iya kashe shi kafin ya isa ɗakin gwaji. A zagaye na gaba za mu gwada jan minti 30 kai tsaye cikin ruwa, mu aika a kan ƙanƙara a ranar, ba tare da daskarewa ba.

Na'urorin tacewa biyu sun iso da yamma. Mun ajiye ɗaya a kowane ƙarshen ɗakin yara, nesa da labule don kada ya toshe musu baki. Tsarin shi ne mako ɗaya a kunne, mako ɗaya a kashe, har sau uku, ana jan iska a wurare guda da sa'o'i guda, ana rubuta yawan yaran da aka tabbatar suna da RSV a kowane dare, da ko taga a buɗe take. Shugabar ma'aikatan jinya ta ce in aka ga bambanci tun a makon farko, ba za ta yarda a sake kashe su ba. Na ce mata in haka ta faru, tare za mu koma wurin kwamitin ɗa'a mu nemi a sauya tsarin.

Iya ta tambaya ko ita za ta riƙa goge jikinsu. Na ce eh, waje kawai, da tsumma mai ɗan danshi, kada ta buɗe murfin. Mai kula da PCR ya ce kayan ciro RNA da suka rage ba za su wuce zagaye biyu ba, gobe da safe zan rubuta takardar neman ƙari. Ƙarfe takwas na daren yau za mu kunna.